Mai Ƙirga Takalma a Bakin Rami

Duk garin "Wakilinmu" ake ce masa, har yaran da aka haifa bayan ya fara furfura. Sunan daga bakin mai karanta labarai na gidan rediyo ya fito. Kullum ƙarfe shida na yamma sai ya gyara murya ya ce wakilinmu da ke wuraren haƙar ma'adinai ya aiko mana da wannan rahoto. Shekara ashirin da shida ana faɗin haka, ai dole suna ya bi mutum. Matarsa kanta in ya ɓata mata rai cewa take, "Wakilinku dai, ni ba nawa ba ne," don a faɗarta rami ta aura, mijin kuwa ziyara yake kawo mata.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da wata tsohuwar jaka da ta sha ɗinki har ba a san asalin launinta ba. A ciki akwai rakoda naɗe cikin leda, an ɗaure da roba, da littafi, da biro uku, don ya ce biro ɗaya maci amana ne. Babur ɗinsa kuwa, Allah na tuba, sai an tura shi yake tashi, kuma duk mai shago a layinsu ya taɓa tura shi. Ƙafar wandonsa ba ta rabuwa da jar ƙasa. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ba ya dogon gaisuwa.

Akwai abu ɗaya da yake yi wanda ya sa wasu ke ɗauka kansa da motsi. Duk ramin da ya je, kafin ya yi wa kowa sallama, kafin ya ciro rakoda, sai ya tsaya a bakin ramin ya ƙirga takalma. Masu haƙa ba sa sauka da takalmi, domin matakan da aka sassaƙa a jikin bango santsi gare su, sai da yatsun ƙafa ake kama su. Don haka kowa a sama yake tuɓe nasa. Shi kuwa zai sunkuya yana nunawa da biro, leɓensa na motsi, ya rubuta adadin a littafi, sannan ya ɗago ya ce sannunku da aiki. Samarin wurin kan tsokane shi, su ce Baba in saye za ka yi ga nawa nan, bai fi wata biyu ba. Bai taɓa yin dariya ba, bai kuma taɓa yin fushi ba. Tsofaffin ne kawai ke sunkuyar da kai, don sun san dalili.

Dalilin ƙanensa ne, Auta.

Su biyu kaɗai Inna ta haifa, shekara tara tsakaninsu, mahaifinsu kuma ya rasu Auta na rarrafe. Auta ya taso mai walda, mai surutu, mai cin bashin barci. In ya shigo gida tun daga soro ake jin sa. Yana da wasu takalman roba shuɗaye, tartsatsin walda ya huhhuda samansu, maɗaurin na hagu ya tsinke ya ɗaure shi da waya. Kullum a daidai bakin ƙofar Inna yake watsar da su, kullum ta yi tuntuɓe da su, kullum ta rantse sai ta jefa su a murhu. Inna ba ta kiran babban ɗanta da komai sai "Yayan Auta". Shi kuwa Auta burinsa ɗaya a duniya, ya mallaki injin waldarsa ya daina yi wa wani aiki. Wannan burin ne ya sa ya fara bin wani abokinsa zuwa ramin kamfani a ɓoye, ba tare da kowa a gida ya sani ba. Ba shi da katin aiki, don haka da sassafe yake sauka, kafin mai karɓar kati ya zo, ya shige wani lungu na gefe ya yi ta sara shi kaɗai.

Shekara goma sha tara ke nan da ranar. Bayan azahar ramin ya rufta. Wakilinmu lokacin jininsa na tafasa, ba abin da yake so irin a ce shi ya fara kawo labari. Ya isa wurin ya tarar da rabin gari, mata na kuka, maza na tono da shebur, wasu da hannu. Wani dattijo da ake kira Mai Igiya, wanda shi ke riƙe igiyar da ake jawo buhunan ƙasa, shi ke jagorantar tonon. Ɗaya bayan ɗaya aka yi ta zaro mutane, wasu da karaya, wasu a sume, ana jefa su mota sai asibiti. Da aka zaro na goma sha biyu, manajan kamfanin ya ja Wakilinmu zuwa ofis ya nuna masa allon da ma'aikata ke rataye katinsu kafin su sauka. Kati goma sha biyu. Mutum goma sha biyu sun fito. Agogon bango ya nuna shida saura kwata, ga wayar tarho a kan tebur, manaja har tura masa ita ya yi.

Bai tambayi kowa komai ba. Ya ɗaga waya, aka haɗa shi da ɗakin labarai, ya yi magana ta daƙiƙa arba'in. Ya ce an fito da dukkan mutum goma sha biyun da ke cikin ramin, babu wanda ya rage a ƙasa. Rediyon mai shayin bakin rami a kunne take, kowa ya ji. Wurin ya kaure da hamdala, har wasu suka ɗaga Wakilinmu sama da ya fito daga ofis. Mai Igiya bai so tsayawa ba, ya ce shi kamar ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, amma aka ce haba Baba, ga shi rediyo ma ta faɗa. Masu gadi suka ce ƙasar ba ta gama zama ba, kowa ya watse. Washegari dattijon ya dawo da kansa ya duba bakin ramin ko akwai takalmin da mai shi bai ɗauka ba. Bai ga ko ɗaya ba, sai hankalinsa ya kwanta.

A gida ba wanda ya damu da rashin ganin Auta, don ya saba tafiya aikin walda wani gari ya yi kwana biyu ko uku ba sallama. Sai a rana ta huɗu abokin nan nasa ya farfaɗo a asibiti, kalmar farko da ta fito bakinsa ita ce ina Auta. A rana ta biyar aka same shi. Tsakaninsa da inda aka ajiye shebur bai fi taku huɗu ba.

Mutane, don tausayi, suka ce wa Inna nan take ya cika, bai ji komai ba. Amma Wakilinmu yana cikin waɗanda suka sauka. Ya ga rigar Auta a ninke ƙarƙashin kansa kamar matashi. Ya ga fitilar goshinsa a kashe, an ajiye ta gefe. Ya ga yatsunsa, duk sun ƙuje saboda tono. Wanda ƙasa ta kashe nan take ba ya ninke riga, wannan ko yaro ya sani. Abin da bai sani ba shi ne tsawon lokacin. Awa ɗaya ce, ta yadda ko bai yi magana a rediyo ba da ba a cim masa ba? Ko kuwa yana nan da rai sa'ad da ake ɗaga yayansa sama ana tafi? Wannan tambayar ita ta zame masa abokiyar kwana da tashi. Ya tambayi wani likita, ya ce sai Allah. Ya tambayi Mai Igiya, dattijon ya kau da kai ya ce, "Ɗana, mu ba kati muke ƙirgawa ba, takalmi muke ƙirgawa. Na duba, ban ga nasa ba. Ko sace su aka yi, ko ƙasa ta binne, ban sani ba." Tun daga ranar ya fara ƙirga takalma.

Inna kuwa ta sa aka fitar da rediyo daga ɗakinta, ba ta sake sauraro ba. Ba ta zage shi ba, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, kuma wallahi da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Yana zuwa gaishe ta kowace safiya, ta amsa tana kallon tabarma. "Yayan Auta" ya ɓace daga bakinta, ya koma "kai" kawai. Shekara goma sha tara uwa ba ta haɗa ido da ɗanta ba, suna gida ɗaya. Shi ya gama yanke wa kansa hukunci cewa ta tsane shi, kuma bai ga laifinta ba.

Aikinsa dai ya gyaru, har ya wuce gyara. Ba ya aika rahoto sai ya ji ta bakin mutum uku. Ya sha sa Edita, shugaban ɗakin labarai, ya ciji yatsa saboda wasu tashoshin sun riga su. Sau biyu ƙirgarsa ta fitar da rai daga ƙasa: sau ɗaya takalmi bakwai mutum shida, ya zauna a bakin ramin ya ce ba mai tafiya, aka tono wani magidanci da numfashinsa. Mutumin har yau yana kawo masa gaisuwa. Amma in ka ce wannan ya sanyaya masa rai, ba ka san shi ba.

Wata ranar Talata Edita ya kira shi ofis, ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Wata ƙungiya ce ta shirya bitar mako biyu a babban birni don 'yan jaridar da ke ɗauko labaran ma'adinai da mai da wutar lantarki. Edita ya ce shi dai ya nuna masa ne don kada a ce bai nuna ba, ya san irin wannan na yara ne masu latsa waya, mutumin da ko saƙon waya sai ya cire tabarau ya sa tabarau ina shi ina bita. Wakilinmu ya yi ta bin jadawalin da yatsa a kan gilashin. Yadda ake karanta lasisin haƙa. Yadda ake karanta taswirar filin da aka ba kamfani. Gwajin ruwan sha. Sai ya iso rana ta tara: haɗarin rami da aikin ceto, tare da injiniyan da ya shekara talatin yana fito da mutane daga ƙasa. Yatsansa ya tsaya a nan, ya ƙi gaba.

Fom ɗin ya nemi a turo rahoto guda wanda mai nema ya fi alfahari da shi. Edita ya ce a tura na magidancin nan da aka ceto, ai ko makaho ya ji wannan ya san an yi aiki. Washegari Wakilinmu ya zo da wani tsohon kaset a aljihun gaba, ya ce wannan za a juya a tura. Da Edita ya saurara, sai da ya cire hula ya ajiye a tebur. Ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau, an ce wanda ka fi alfahari da shi, ka kawo wanda ya hana ka barci. Ya ce shi bai ga amfanin kai wa likita ƙafar da ke lafiya ba. A gurbin da aka ce a faɗi dalilin nema, layi ɗaya ya sa aka rubuta: akwai tambayar da nake so in yi wa injiniyan rana ta tara. Cikin mutum ɗari da wani abu, aka ɗauki ashirin, har da shi.

Ranar tafiya ya durƙusa a ƙofar Inna ya ce zai je karatu na mako biyu. Ta tambayi karatun mene ne da furfura. Ya ce na rami ne. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, idonta a kan tabarma.

Ɗakin bitar a hawa na biyu na wani otal yake, da na'urar sanyaya ɗaki da ta sa shi ya kwana biyu yana mura. Tebura a jere da farin ƙyalle, kowa da robar ruwa da alewa biyu a gabansa. Aka rataya masa kati a wuya, ya yi ta taɓa shi yana jin wani iri. Sauran duk sa'o'in 'ya'yansa ne, kowa da kwamfuta, shi da littafi da biro uku. Tun ranar farko suka sa masa suna Baba, suna rige-rigen ɗauko masa shayi. Mai koyarwar wata mata ce siririya mai saurin magana, tsohuwar 'yar jarida, kowa Malama yake ce mata. Ba ta da wasa. In ka ce "an ce", sai ta tsare ka da ido ta ce wa ya ce, a ina, shi kuma wa ya gaya masa.

Kada a yi ƙarya, ya ƙaru. Ashe takardar da kamfanoni ke nuna masa daga nesa yana jinjina kai, wani lokacin izinin bincike ce kawai, ba ta haƙa ba. Ashe akwai ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a ruwa ya canza launi. Ya yi ta rubutu har biro ɗaya ya ƙare, yana cizon leɓe yana tuna wuraren da aka yi masa wasa da hankali shekara da shekaru. Shi ma ya ba su mamaki. Wata safiya Malama ta duba takardar sa hannu ta ce mutum ashirin sun cika, a fara. Daga baya ya ɗaga hannu ya ce sha tara ne, wani ya sa wa abokinsa hannu. Aka fashe da dariya, mai laifin ya sunne kai. Malama ba ta yi dariya ba, ta daɗe tana kallonsa.

A rana ta shida ta same shi lokacin shan shayi, ta tambaya ko ya yarda a sa kaset ɗinsa a aji. Ya ce don haka ya kawo shi. Aka sa. Muryar saurayi ta cika ɗakin, mai kaifi, mai haki, mai jin daɗin kanta. Daƙiƙa arba'in. Malama ta ce daga baya an samu mutum na goma sha uku a ramin, to a faɗa mata inda rahoton ya karkace. Yaran ba su gane muryar ba, ina za su gane. Suka dirar masa. Wata ta ce majiya ɗaya tal, kuma majiyar ita ce mai laifi. Wani ya ce bai tambayi wa ya yi ƙirgar ba, da me aka ƙirga, wa ƙirgar ba ta ɗauka. Wani mai rawar kai ya ce wannan ai ba ɗan jarida ba ne, lasifikar kamfani ne, ya kamata a ce an kore shi tun ranar. Duk Wakilinmu na rubutawa, layi bayan layi, kamar ana yi masa shifta. Da suka gama ya miƙe ya ce muryarsa ce, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ya ce na goma sha ukun ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai rawar kan nan ya biyo shi har matakala yana ba da haƙuri, Wakilinmu ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, shi ya fi kowa iya aikin.

Rana ta tara ta zo. Injiniya dattijo ne mai sanƙo, ɗan yatsansa ɗaya guntu, yana magana a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci. Ya zana rami a allo. Ya yi bayanin yadda ƙasa ke ruftawa, yadda lungunan gefe kan tsira su riƙe iska, da dalilin da ya sa ba a taɓa dakatar da ceto saboda takarda. Ya ce a aikinsu akan sa kowa ya yi shiru, a kashe inji, a kashe rediyo, a kwanta a kasa kunne a ƙasa. Da ya ce a kashe rediyo, Wakilinmu ya tuna rediyon mai shayin bakin rami.

Ya jira har aka tashi, yaran suka fita cin abinci. Sannan ya matso da littafinsa. Shekara goma sha tara yana riƙe da awon wurin a ka: faɗin lungun, tsawonsa, irin ƙasar, wata tsaga da ke sama, ɗan ruwan da ke tsattsafowa a bango. Ya zana duka. Ya faɗi rigar, da fitilar, da yatsun. Injiniya ya yi ta tambaya, yana amsawa, har tambayoyin suka ƙare. Dattijon ya cire tabarau yana gogewa, gogewar da ba ta ƙarewa.

"Ranka ya daɗe, kada ka tausaya mini," in ji Wakilinmu. "An tausaya mini shekara goma sha tara, bai yi mini magani ba."

"Ba zan iya rantsuwa ba, ban ga wurin ba," in ji Injiniya. "Amma yadda ka zana shi, da iska, da ruwa, mutum mai ƙarfi zai kai kwana uku."

"Taku huɗun fa?"

"Da shebur shida, aikin awa biyu ne."

Ya yi godiya, har da rusunawa. Ya rubuta kwana uku, ya rubuta awa biyu, ya ja layi a ƙasa kamar yadda yake yi wa kowane rahoto. Ya shiga banɗakin otal ɗin, ya buɗe famfo don kada a ji, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Abin da ya zo nema ya samu, kuma ya fi abin da yake tsoro muni. Sauran kwanakin ya zauna a aji kamar kowa. Ranar rufewa aka ba shi takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, aka ɗauki hoto, yaran suka sa shi a tsakiya.

A mota ya yi ta saƙa da warwara. Ya yanke cewa Inna ba za ta ji ba, tsohuwa ce, me zai ƙara mata. Da la'asar ya isa gida, ya ajiye jaka, ya wuce ɗakinta da takardar a hannu. Tana zaune a bakin gado tana tsince wake a faranti. Ya gaishe ta, ya ajiye takardar a tabarma, ya fara ba ta labarin lasisi da tsinken gwada ruwa, yana ta zuba kamar ba shi ba. Ta bar shi har ya gaji.

"Ka tambaye su?" ta ce.

Bai taɓa gaya mata abin da ya kai shi ba. Ya buɗe baki zai ce tambayar me, sai ya ga ta ɗago tana kallonsa, ido cikin ido, karo na farko tun ranar. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara bai faɗi abin da bai tabbatar ba, ƙarya ta ƙi fita daga bakinsa. Ya ce ya tambaya. Ya ce Inna, ni na kashe shi, da ban yi magana ba da an same shi da rai kafin a yi sallar isha'i. Ya ce ta daɗe tana da gaskiya da ta ƙi kallonsa.

Ta ajiye farantin, ta durƙusa da ƙyar, ta jawo tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga wasu, daga can ƙasa ta ciro ƙulli a cikin ɗankwali. Ta kwance shi. Takalman roba ne shuɗaye, samansu duk hujin tartsatsi, na hagun ɗaure da waya.

"Ina wurin ranar," ta ce. "Na bi matan gari na je. Na gan su a bakin ramin, su kaɗai, kowa ya ɗauki nasa. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ji muryarka ta ce babu kowa a ƙasa. Ni kuwa ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Na ce to wani ya ara, ko ya zo taimako ya manta su, ka san halinsa. Na ɗauke su don kada a sace masa."

Ya tuna Mai Igiya da ya dawo washegari ya duba bakin rami bai ga komai ba. Ya kalli takalman, ya kalli tsohuwar.

"Ba tsanar ka na yi ba, Yayan Auta," ta ce. "Kunyarka nake ji. Kullum ina jin ana cewa kana can kana ƙirga takalma, ni kuwa ga su a ƙarƙashin gadona."

Ya matsa ya riƙe hannunta, ƙasusuwa ne kawai cikin fata. Ya so ya ce ba laifinta ba ne, ita ma da alama abin da take so ta ce masa ke nan, amma ba wanda ya iya, don kowannensu ya san ɗayan ba zai yarda ba. Suka zauna a tabarma, takalman a tsakaninsu, takardar shaidar can gefe wake ya zube a kanta. Daga gidan maƙwabta aka ji kiɗan buɗe labaran ƙarfe shida, ba wanda ya tashi rufe taga.

Can ta tambaye shi kwana nawa mutumin ya ce. Ya ce uku. Ta lanƙwasa yatsu uku a hankali, tana kallonsu, leɓenta na motsi kamar yadda nasa ke yi a bakin rami. Ta tsaya a kan na tsakiya.

"A rana ta biyu har wanke su na yi," ta ce. "Na ajiye masa a bakin ƙofa, inda yake watsar da su."